Yadda ake ɗaukar hoton rayuwar titi a Birnin Kebbi ba tare da an ƙwace maka waya ba

Ka rubuta "Kebbi" a intanet ka nemi hotuna, abin da zai fara fito maka shi ne Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu: dubban masunta sun ruga ruwa da homa da gora, can sai ga wani ya rungumo giwan ruwa ana ɗora ta a sikeli. Hotuna ne masu kyau, bikin kuma ya cancanta, tunda tun 1934 ake yin sa, a 2016 ma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Amma bikin na 'yan kwanaki ne, har an taɓa yin shekara wajen goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Sauran kwanakin shekara fa? Mai shayin da ke hura wuta kafin a sallame asuba, 'yan kabu-kabun da suka jeru a bakin kasuwa, mai faci, ɗan garuwa, masu shanyar shinkafa a gefen kwalta, duk ba mai ɗaukar su sai in hatsari ya afku ko ɗan siyasa ya zo rabon kaya.

Ɗaukar irin waɗannan shi ake kira hoton titi, wato ka kama mutane cikin harkarsu ta kullum, ba shiri, ba "tsaya in gyara hula". Na ɗau shekaru ina yi a Birnin Kebbi, wani zubin in leƙa Argungu ko Jega ko Yauri. Abin da na gano shi ne kaɗan ne daga aikin ke cikin kyamara. Mafi yawansa yana ga bakinka da ƙafarka: yadda ka yi sallama, da sau nawa ka koma wurin. Bari in bi shi daki-daki yadda nake yi.

Shirya kayan aiki

Wayar da ke aljihunka ta isa. Tecno ce, Infinix ce, Redmi ko Samsung, da rana duk suna fitar da hoto mai kyau. Hasali ma waya ta fi babbar kyamara sauƙin shiga cikin mutane, domin kowa yana riƙe da irinta. Da ka ratayo kyamara mai dogon baki za a ce ɗan jarida ne ko ma'aikacin wata ƙungiya, wasu su kauce, wasu su taso a rubuta sunansu cikin masu karɓar tallafi.

Kafin ka fita, shiga saitin kyamarar wayar. Kashe abin nan mai gyaran fuska, wanda ke goge ƙuraje ya mayar da baƙi wankan tarwaɗa. Tsohon masuncin da rana ta gasa shekara hamsin, tamojin fuskarsa shi ne hoton. Kashe tambarin da wayar ke bugawa a gindin hoto. Kashe filasha, ka manta da ita. Kunna layukan da ke raba allo gida tara. Sannan ka goge gilashin kyamarar da gefen rigarka, ka kuma mayar da wannan al'ada, domin rabin hotunan da mutane ke cewa "wayata ba ta ɗauka da kyau" maiƙon yatsa ne kawai da ƙura.

Ka tsaya a kan 1x, wato yadda kyamarar ke buɗewa ba a jawo komai ba. Ita ce babbar kyamarar wayar, ita ta fi shan haske. Jawo abu da yatsu biyu a yawancin wayoyi yanke hoton kawai yake yi ya kumbura shi, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. In abu ya yi maka nisa, taka ka matsa.

Mai babbar kyamara ya ɗaura ƙaramin gilashi, mai milimita 35 ko 50. In wanda ya zo da kyamarar ne, mai 18 zuwa 55, ka murɗa shi zuwa 24 ka bar shi nan duk yini, zai ba ka faɗin da ya yi kusa da na 35. Dogon gilashi ka aje shi sai ranar biki. Hoton da aka ɗauko daga nesa kamar leƙe yake fitowa, kuma a wannan zamani mutumin da ya laɓe bayan mota yana auna jama'a da dogon ƙarfe ya san sunan da za a ba shi.

Sai ruwan sha, da canji ƙanana, da pawa bank, da katin shaidarka. Sutura kuma irin ta kowa, kaftani da hula. Mace mai son wannan aiki kada ta ɗauka an bar ta baya: ita ce ke iya shiga wurin masu turara shinkafa, da masu daddawa, da tsakar gidan da namiji ba zai wuce zaurensa ba, kuma wannan ɓangaren na rayuwar garinmu kusan ba shi da hoto sam.

Zaɓi wuri ɗaya

Sabon shiga babur yake hawa ya zagaye gari, daga Badariya zuwa Gesse zuwa Rafin Atiku, ya dawo da hoto ɗari uku ba na kirki ko ɗaya. Ka zaɓi wurin da tsawonsa bai wuce taku ɗari biyu ba, ka ce nan zan yi wata guda. Bakin babbar kasuwa ne, ko wani lungu a tsohon gari wajen fadar Sarkin Gwandu, ko gangaren Dukku inda ake sauka fadama. Mutumin Aliero yana da buhunan albasa a ƙofar gidansa, na Yauri yana da bakin Kwara inda jirage ke sauke kaya. In ka rasa, fara da unguwarku, inda aka san ɗan wane ne kai.

Ranar farko kada ka fito da wayar. Zauna wurin mai shayi ko ƙarƙashin rumfar mai goro, ka sayi wani abu, ka zuba ido. Ta ina rana ke shigowa da safe? Wa ake gaidawa da girmamawa? Me ke maimaita kansa, wato wane amalanke ne ke wucewa kullum a lokaci ɗaya, yaushe 'yan makaranta ke ketarawa, yaushe ake sauke kifi? Abin da ke maimaita kansa shi ne abin da za ka iya yi wa kwanto gobe.

Nemi izinin masu wuri

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan masu kallon bidiyon Turawa a YouTube ke faɗawa rami. Can za ka ga mutum ya dosa wa baƙo kyamara a fuska ya wuce abinsa. A nan ba wurin da ba shi da mai shi. Kasuwa tana da sarkin kasuwa, mahauta suna da sarkin pawa, bakin ruwa yana da sarkin ruwa, tasha tana da shugabanninta, unguwa tana da mai unguwa. Da ɗan gari kan ci gari: nemi wanda ya san ka a wurin ya kai ka.

In an kai ka, ka tube takalmi in wurin tubewa ne, ka durƙusa ka gaida shi sosai, kada ka yi gaggawar faɗin abin da ya kawo ka. Sai an gama tambayar gida da aiki da sanyi ko zafi, sannan ka ce wani abu kamar haka: "Ranka shi daɗe, ni ɗan unguwa kaza ne, ɗan gidan wane. Ina ɗaukar hotunan sana'o'in garinmu ne don ajiya, saboda na baya su ga yadda ake yi. Ba gwamnati ta aiko ni ba, ba kuma wata ƙungiya. Wanda bai so ba, ba zan ɗauke shi ba." Ka buɗe wayar ka nuna masa hotuna biyar ko shida da ka ɗauka a wani wuri. Ganin hoton wani maƙeri ko wani mai ɗinkin hula ya fi dogon bayani aiki.

Tambayar da za a yi maka kusan kullum ita ce, "To mi za ka yi da su?" Ka faɗi gaskiya. In Facebook za ka sa, ka ce Facebook. Kada ka ce ajiya kawai, jibi ɗan mutumin ya ga ubansa yana yawo a waya. Wannan wurin ya rufe gare ka ke nan, da duk wanda zai zo bayanka.

Izinin shugaba ya buɗe maka ƙofa ne kawai, kowane mutum kuma yana da nasa. Wanda za ka matsa kusa da shi, ka yi masa sallama: "Baba, sannu da aiki. In ɗauki aikin naka?" Lura, aikin na ce. Mutum ya fi sakin jiki in ya ji sana'arsa ake girmamawa. Zai miƙe, ya gyara hula, ya ƙame kamar hoton katin zaɓe. Ɗauki wannan ɗin, ka nuna masa, ku yi dariya. Sannan ka ce, "Ci gaba da aikinka, Baba, ni ina nan gefe." Ka zauna. Bayan minti goma mai saye zai zo, ciniki ya kankama, ya manta da kai. Hoton da ka zo nema shi ne na wannan lokacin.

Kwana uku, huɗu, mako guda kana zuwa, sai ka zama kamar turken rumfa. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. A wannan sana'a rainin nan shi ake nema.

Wanda ya ce a'a, ko ya ɗaga hannu, ko ya kau da kai, ka sauke wayar ka ce "Allah ya ba da haƙuri", shi ke nan. Akwai masu ganin hoto bai halatta ba a addini. Ba kai aka aiko ka yi musu fatawa ba. Matan aure da 'yan mata masu talla, namiji ya bar fuskarsu sai da yardarsu bayyananniya, in yarinya ce ƙarama kuma sai da ta iyayenta. Sau da yawa hannu da faranti, ko inuwa a bango, ko mutum daga baya, sun isa su ba da labarin.

Yara kuwa su za su neme ka. Da sun ga kana ɗauka za su yanyame ka, "a ɗauke ni, a ɗauke ni", kowa ya ɗaga yatsu biyu. Kada ka kore su, korar ƙara su take. Tara su ka ɗauke su sau ɗaya, ka nuna musu, su yi ihu, can za su gaji su watse. Wannan hoton nasu ne, ba na sakawa a intanet ba. Almajirai ma haka. In kana son hoton makarantar allo, wurin malaminsu za ka.

Batun kuɗi: ni ba na biyan kuɗin hoto, domin ranar da ka fara, gobe duk wanda ka kalla zai miƙo hannu, hotunan kuma su koma wasan kwaikwayo. Amma ina sayen abin da mutum ke sayarwa. Ka sha shayinsa, ka sayi ƙosanta, ka ba da takalminka a wanke.

Abin da ba a ɗauka ko da wasa

Shingen jami'an tsaro, bariki, ofishin 'yan sanda, gidan yari, ayarin motocin sojoji, filin jirgi, harabar banki. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar wuraren tsaro ba izini, kuma ko ba doka, hankali ya isa. Jiharmu ta yi iyaka da Nijar da Benin, saboda haka in ka nufi wajen Kamba ko wani garin kan iyaka, wayarka ta zauna aljihu a duk inda ka ga kaki. Tun da maganar 'yan bindiga da Lakurawa ta yi ƙarfi, kalmar "infoma" ba ta da wuyar fita daga bakin mutane, kuma in ta fita taro ba ya tsayawa bincike. Ƙauyen da ba ka da kowa, kada ka je ɗaukar hoto kai kaɗai.

Cikin gidan mutane kuma, ko ta saman katanga ko ta ƙofar da iska ta buɗe, haramun ne gare ka. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa, tarbiyya kuma ta riga shi. Na ƙara da nawa: ba na ɗaukar mai taɓin hankali, ko wanda hatsari ya rutsa da shi, ko mabaraci a halin ƙasƙanci. Duk hoton da in ɗan'uwanka ne a ciki ba za ka so a yaɗa ba, bar shi.

Ni ma sai da na sha kafin in koya. Wata safiya a wata tasha na hango ana ɗaure akuyoyi a saman wata tsohuwar mota, haske ya zubo ta bayansu gwanin kyau. Ban gaida kowa ba na ɗaga waya. Ban kai ga dannawa sau uku ba na ji an damƙe mini wuyan hannu. "Kai, mi kaka ɗauka nan? Wa ya aiko ka?" Kafin in buɗe baki mutum goma sun kewaye ni, wani na cewa lambar mota nake ɗauka. Abin da ya cece ni, ban ja wayar ba, ban ɗaga murya ba. Na ce a kai ni wurin shugaba. A gabansa na buɗe hotunan duka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ga maƙera da masu kifi da akuyoyinsa, ya ce in goge na motar, na goge a gabansa. Sannan ya ce, "Da ka zo ka gaishe mu, da kujera za mu ba ka." In irin haka ta same ka, abin yi ke nan: kada ka gudu, kada ka kawo maganar 'yancinka, nemi babba, nuna, goge in an ce ka goge. Hoto ɗaya bai kai haƙori ɗaya ba.

Zaɓi lokaci

Kebbi tana can yammacin ƙasa, saboda haka rana tana makara a nan. Tana fitowa bayan ta Kano da kamar kwata ɗaya, bayan ta Maiduguri da fiye da rabin awa, haka kuma take jinkirin faɗuwa. A watan Disamba da Janairu sai wajen ƙarfe 7 take leƙowa. Daga fitowarta zuwa kamar awa biyu, sannan daga bayan la'asar zuwa magariba, nan ne hasken ke kwance, inuwa ta yi tsawo, ƙura da hayaƙi su yi ja kamar an zuba musu manja.

Tsakar rana ita ce matsala. Rana tana tsaye a ka, hula da malfa su jefa duhu a ido, farar shadda ta ƙone fat, baƙar fuska ta nutse. In dole sai a lokacin, shiga inuwa: cikin rumfunan kasuwa, bakin zaure, ƙarƙashin dogon yaro. Haske mai ratsowa ta ɓular buhu ko kwanon rumfa ya sauka a kan tulin tattasai yana daga cikin mafi kyawun abin da za ka samu a garin nan.

Kowane yanayi da nasa. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yana tace rana ya tausasa ta, har ƙarfe goma kana iya ɗaukar fuska ba inuwa mai kaifi. Sai dai sama takan yi fari fat ba komai, don haka ka rage ta cikin hoton, kuma kada ka kuskura ka canza gilashin kyamara a waje, ƙura za ta shige ciki. Bazara, Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, waya ta yi zafi ta ƙi ɗauka. Kada ka bar ta a rana ko a aljihun babur. Damina kuwa, rabin awa bayan an ɗauke ruwa, iska ta wanke, launi ya fito, kududdufai a kan titi su zama madubi. Durƙusa ka kai wayar dab da ruwan ka jira mai keke ya wuce.

Saita haske

A waya, taɓa fuskar mutumin a allo, ka danne yatsa har alamar kulle ta fito, sannan ka ja 'yar alamar rana ƙasa kaɗan, har sai ka ga zanen aikin da ke jikin farar riga ya dawo. Dalili shi ne wurin da ya ƙone fari ba ya gyaruwa, amma wurin da ya ɗan yi duhu ana iya ɗago shi daga baya. Maɓallin ƙara sauti yana ɗaukar hoto a kusan kowace waya. Yi amfani da shi, hannunka zai fi tsayawa, kuma ba sai ka ɗaga wayar saitin ido kamar mai nuna bindiga ba.

A babbar kyamara, da rana, sa ƙofar haske a f/8, saurin ƙiftawa 1/500 na daƙiƙa, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya zaɓi kansa amma ka yi masa iyaka a 3200. Da 1/500 mai tafiya da mai keke za su tsaya cak. In kana son ɗan kabu-kabu ya fito sarai bayansa kuma ya zama zane-zane, sauko zuwa 1/30, ka bi shi da kyamarar kana juyawa daga ƙugu, ka danna kana cikin juyawar. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi.

Akwai wata dabara ta tsofaffin masu hoto da ke hana ka rasa abu saboda kyamara na neman saiti. Kashe saitin kai-tsaye, ka saita da hannu a kan mita 3. Da gilashin 35 a f/8, duk abin da ke tsakanin kamar mita 2 zuwa mita 7 zai fito sarai. Daga nan ba ruwanka da saiti, dannawa kawai.

Da dare, nemi inda haske yake ka tsaya: tukubar mai tsire, teburin mai shayi, shagon mai cajin waya. Buɗe ƙofar haske iyakarta, 1/125, ISO 3200. In ka ga layuka baƙaƙe sun ratsa hoton a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sauko zuwa 1/100 ko 1/50, domin wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, waɗannan lambobin su suka dace da ita. Da waya kuma, jingina gwiwar hannu a kan tebur ko jikin bango, ka riƙe numfashi.

Nemi fage, sannan ka jira

Kada ka bi mutane da kyamara. Nemi bayan hoto tukuna: bangon ƙasa mai tsagewa, ƙofar shago shuɗiya, tulin buhunan shinkafa, inuwar bishiya da ta ratsa titi. Tsara hoton ba kowa a ciki, ka duba kusurwoyi huɗu. Akwai turken lantarki da zai tsiro a kan mutum? Akwai ledar ruwa mai ƙyalli da za ta janye ido? Matsa taku ɗaya hagu ko dama, ko ka durƙusa. In ya zauna, sai ka jira wanda zai shigo ya cika shi.

Akwai wani mai shayi da na yi kwana shida ina zuwa wurinsa don hoto ɗaya. Teburinsa yana fuskantar yamma, saboda haka da safe rana ta bayansa take fitowa. Na lura in zai haɗa shayi yakan ɗaga kofi sama da kansa ya tsiyayo cikin ɗaya kofin, sau uku, a na ukun ne hannun ke kai ƙarshen tsawonsa. Na zauna a ƙarshen benci inda bangon bayansa ke cikin inuwa, domin tururi ba ya fitowa sai haske ya bugo shi ta baya kuma bayansa da duhu. Na kulle hasken a kan kofin. Kwana biyar ko dai wani ya gitta, ko hazo ya rufe ranar, ko na danna da wuri. Rana ta shida igiyar shayin ta miƙe kamar zinariya, tururin ya tashi, wani dattijo a gefe ya miƙo hannu da biredi daidai lokacin. Hannun dattijon nan, wanda ban shirya shi ba, shi ya mayar da shi hoto.

Ka sa mutum a kan ɗaya daga layukan nan na allo maimakon tsakiya, ka bar masa fili ta inda ya dosa. Ka yi ƙoƙarin samun abu uku a jere, na kusa, na tsakiya, na nesa: kwandon kifi a gabanka, mai kifin a tsakiya, kwalekwale a can baya. Kada ka yanke mutum a wuyan hannu ko idon sawu. In abu ya fara faruwa kada ka danna sau ɗaya ka sunkuya kallon allo. Ci gaba da ɗauka har ya ƙare, domin sau da yawa dariyar da ke biyo bayan ciniki ta fi cinikin.

In ka ga ido ya fara gundura, ɗauki jigo guda ka bi. Hannayen masu sana'a kawai, ko rubuce-rubucen bayan manyan motoci da keke napep, ko huluna. Mai ɗaukar hoto J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan dubu, yau a manyan gidajen tarihi na duniya ake rataye su. Kitso ne fa, abin da kowa ke gani kullum.

Bayan ka dawo gida

Kada ka saka komai a ranar. Bari su kwana, da safe ka duba da sabon ido. Cikin ɗari, in ka sami uku ka yi kasuwa. Ka tambayi kowane hoto: wanda bai je wurin ba, zai tsaya a kansa? Wahalar da ka sha kafin ka same shi ba ta shafi mai kallo ba.

Gyara kaɗan ne. A manhajar Snapseed ko Lightroom ta waya, daidaita hoton in ya karkace, rage wurin da ya yi haske da yawa, ɗago inuwa har fuska ta fito, ka tsaya nan. Kada ka cika launi har ƙasar Kebbi ta koma kamar garin barkono, kada ka haskaka fatar mutum, kada ka goge wani abu ko ka ƙara. Mayar da hoto baƙi da fari yana taimako in launuka sun yi hayaniya, kamar rumfar masu robobi, amma ba ya ceton hoton da ba shi da komai.

Rubuta wa kowane hoton da ka zaɓa wuri da kwanan wata da abin da ake yi, tun kana tune. Shekara ashirin nan gaba wannan layin ɗaya zai fi hoton daraja ga mai bincike. Sunan mutum kuwa sai ya yarda, kuma kada ka faɗi daidai inda mai dukiya ko mai shanu yake zaune. Ka sani wayar tana iya liƙa wa hoto bayanin inda aka ɗauke shi. In ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto wannan bayanin yana gogewa amma ingancin yana raguwa, in ka tura a matsayin fayil ingancin yana nan, bayanin wurin ma yana nan. In kuma wani kamfani ya nemi hoton don talla, wannan wata magana ce daban: sai ka koma wurin mai fuskar ka nemi yardarsa a rubuce, domin dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi hoton da ake gane mutum a ciki.

Ajiya wuri biyu, ko uku: wayar, da Google Photos ko makamancinsa, da memori ko kwamfuta a gida. Wayoyi suna faɗawa ruwa a Dukku, ana kuma zare su a kasuwa.

Saura mataki ɗaya, wanda mutane suka fi mantawa. Zaɓi hotunan waɗanda ka ɗauka, har da na ƙamewar nan na farko, ka kai wurin masu wankin hoto a fitar maka da su a girman inci 5 da 7, ka sa kowanne a leda saboda ƙura. Ka koma da su da safe, ka fara da shugaban da ya ba ka izini, sannan ka bi rumfa-rumfa. Mai shayin nan nawa ya liƙa nasa a jikin katakon da yake jera gwangwanayen madara, kuma tun ranar, duk baƙon da ya tambayi abin da nake yi da waya a wurin, shi ke ba shi amsa kafin in juyo.